Daga filin makaranta a Zariya zuwa kwantiragin farko: jagora ga yarinyar da ke son ƙwallo ta zama sana'arta

A Zariya ba a rasa 'yan mata masu ƙafa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon wasannin makarantu a Samaru, Sabon Gari, Tudun Wada ko Wusasa ya ga yarinyar da ke yanke mutum uku ta wuce ko kallon ƙwallon ba ta yi ba. Bayan shekara uku sai a neme ta a rasa. Wata a gida aka hana ta, wata gwiwa ce ta tafi, wata takardunta ne suka saɓa wa juna ranar tantancewa, wata kuma wani ne ya karɓe kuɗin iyayenta da sunan zai kai ta Turai. Duka huɗun ana iya tare su tun yarinya tana tsakanin shekara 13 da 18. Wannan jagora taki ce, ƙanwarmu, amma ki ba Baba da Mama su karanta, domin rabin aikin nasu ne.

Inda hanyar ta dosa

Gasar mata ta ƙasa, NWFL, rukuni uku gare ta: Nationwide a ƙasa, Championship a tsakiya, Premiership a sama. Manyan kulob-kulob yawancinsu a Kudu suke: Rivers Angels a Fatakwal, Bayelsa Queens a Yenagoa, Edo Queens a Benin, Delta Queens a Asaba, FC Robo a Legas. Na kusa da mu su ne irin su Nasarawa Amazons a Lafiya, Naija Ratels a Abuja da Adamawa Queens a Yola. Ke nan idan ƙwallo za ta zama sana'arki, wata rana za ki bar Zariya, kuma duk shirin da za ki yi daga yau na wannan ranar ne.

Daga waɗannan kulob-kulob da makarantun koyon ƙwallo ake ɗibar 'yan wasan tawagogin mata na Najeriya: Flamingos, wato 'yan ƙasa da shekara 17, da Falconets 'yan ƙasa da 20, sannan babbar tawaga, Super Falcons, da suka ɗauki kofin Afirka karo na 10 a Maroko a watan Yulin 2025. Cikin waɗanda suka daɗe a wannan ƙungiya akwai Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna, wadda ta bi ta Delta Queens har ta kai Rosengård a ƙasar Suwidin. Daga jiharmu ta fito.

A dokar FIFA, ƙwararriyar 'yar wasa ita ce mai rubutaccen kwantiragi da kulob, wadda ake biyan ta fiye da abin da take kashewa a kan wasan. Kuɗin mota da na ruwa da koci ke miƙa miki bayan wasa bai mai da ke ƙwararriya ba.

A fara da gida

Kada ki fara da satar fita. Yarinyar da ke ɓoye takalmi a gidan ƙawa za ta iya yin wata shida a haka, amma ba za ta iya sa hannu a komai ba, domin duk takardar da ta shafi 'yar ƙasa da shekara 18 sai da sa hannun uba ko waliyyi. Ki nemi wanda Baba ke jin maganarsa, ko Kawu ne, ko Yaya, ko malamar wasanni ta makarantarku, ya yi miki jagora. Shi ma koci ya zo gida da ƙafarsa ya gaisa, ya faɗi filin da ake atisaye, ƙarfe nawa ake farawa, ƙarfe nawa ake tashi, da macen da ke raka yara idan tafiya ta kama. Kocin da ya ƙi zuwa gida ya gaishe da iyayenki, ki bar ƙungiyarsa.

Tsoron iyaye ba na banza ba ne. A harkar nan akwai maza da ke fakewa da zaɓen 'yan wasa su nemi abin da bai dace ba. Saboda haka a kafa sharaɗi tun ranar farko: babu atisaye na ke kaɗai da koci, babu zuwa ɗakinsa ko masaukinsa, babu hira ta waya cikin dare, maganar tafiya kuma da iyaye ake yin ta. Duk wanda ya nuna miki cewa shigarki sha ɗayan farko ya dogara da wani abu da ba wasa ba, ki gaya wa Mama a ranar, kuma kada ki goge saƙonnin da ya turo.

Maganar sutura kuwa, dokar wasa ta riga ta warware ta. Tun 2014 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta amince a rufe kai a fili, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya ta 2023 da hijabinta. Sharaɗin shi ne ya zama baƙi ko launin da ya fi yawa a jesi, kada a ɗinke shi da jesin, kuma babu fil ko wani abu mai tsini. Dogon wando na ciki dole launinsa ya zo ɗaya da gajeren wandon ƙungiya, rigar ciki mai dogon hannu kuma ta dace da launin hannun jesi. Ɗan kunne, zobe, awarwaro da sarƙa duk a cire. Rufe su da filasta bai halatta ba, rafali zai mai da ke waje.

Takardu, tun kafin a tambaye su

Nan ne 'yan Arewa suka fi faɗuwa, kuma ba don ƙarya ba, sai don sakaci. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ce Hauwa'u, lambar NIN ta ce Hauwa, sakamakon WAEC ya ce Hawwa, a wani wurin an sa sunan uba, a wani an sa na kaka. Ranar haihuwa ma wani magatakarda ya rubuta 1 ga Janairu don ba a zo masa da takarda ba. A gida wannan ba komai ba ne. A wurin tantance 'yan ƙasa da 17, ko a ofishin biza, ya isa a ajiye ki gefe.

Ki zauna da Baba ku baje takardun nan a tabarma: ta haihuwa, NIN, shaidar firamare, rajistar WAEC ko NECO. Ku zaɓi rubutun suna guda, jerin sunaye guda, ranar haihuwa ta gaskiya, ku gyara duk wadda ta kauce tun kina aji uku na ƙaramar sakandare, kafin a yi rajistar jarrabawar fita. Fasfo daga bayanan NIN yake ɗauka, don haka NIN ake fara gyarawa. Ki yi fasfo kafin a kira ki, domin kiran sansanin tawagar ƙasa sau da yawa 'yan kwanaki yake bayarwa. Ki ɗauki hoton kowace takarda ki aika wa kanki ta imel.

Za a sami mai ce miki ki rage shekara biyu ko uku don ki daɗe a rukunin yara. Kada ki yarda. Ranar haihuwar da aka fara yi miki rajista da ita a hukumar ƙwallo ita za ta bi ki har ki yi ritaya, kuma takardun makarantarki suna nan suna faɗin wata daban.

Takalmi da atisaye

Daga Nuwamba zuwa Mayu filayenmu busasshiyar ƙasa ce mai tauri. Takalmi mai dogayen ƙusoshin ƙarfe don jiƙaƙƙiyar ciyawa aka yi shi. A ƙasa irin tamu yana kawo ciwon ƙwauri da diddige, a ciyawar roba kuma yana kafewa gwiwa ta murɗe. Ki nemi mai gajerun ƙusoshin roba masu yawa. Idan gwanjo za ki saya a kasuwar Sabon Gari, ki gwada shi da safar wasa a ƙafarki, ki lanƙwasa shi ki ga a wajen yatsu yake lanƙwasawa ba a tsakiya ba, ki duba ko ƙusoshin gefe ɗaya sun fi cinyewa. Wanda ya cinye ta gefe ɗaya zai karkatar da takunki. Abin kare ƙwauri wajibi ne a doka. Rigar mama ta wasanni mai kama jiki, guda biyu, ta fi takalmi na biyu muhimmanci. Ƙwallon manya lamba 5 ce, mai nauyin giram 410 zuwa 450. Daga shekara 13 da ita za ki saba.

Atisayen ƙungiya sau uku a mako bai isa ba, domin cikin yara talatin da ƙwallo biyu sau nawa za ki taɓa? Ki sami bango. Ki tsaya taku biyar daga gare shi, fasin 100 da cikin ƙafar dama, 100 da hagu, taɓawa biyu: tarba, bayarwa. Sannan 50 kowace ƙafa da taɓawa ɗaya. Ki ja baya zuwa taku goma sha biyar, ki zana murabba'i da gawayi a bangon ki riƙa nufarsa. Minti 20 ne, kwana biyar a mako. Kafin kowace tarba ki waiga kafaɗarki kamar akwai mai zuwa, ki tarbi ƙwallon zuwa gefen da babu kowa. Wannan waigen shi ne abin da kocin manyan kulob ke fara lura da shi, domin a can ba a ba ki lokacin tsayar da ƙwallo sannan ki yi tunani.

'Yar wasa a babban mataki tana cin kusan kilomita 10 a wasa ɗaya, amma ba da gudu iri ɗaya ba: tafiya, sassarfa, sai fizga. Shi ya sa zagaye fili sau ashirin a hankali ba ya shirya ki. Sau ɗaya a mako ki yi gudu mai ƙarfi na minti 4, sassarfa minti 3, har zagaye 4. Wata ranar kuma gudun fizga na mita 30 sau 6 zuwa 8, ki dawo da tafiya ki huta sosai tsakaninsu. Idan kin gaji har gudun ya ragu, ki tsaya, domin daga nan ba sauri kike koya ba. Kada ki haɗa waɗannan biyun a rana ɗaya, kada ki yi su ana gobe wasa, kuma ki bar kwana ɗaya cur a mako babu ƙwallo. Wasa da yara maza yana ƙara saurin tunani, musamman kafin shekara 14. Bayan nan a zaɓi waɗanda ba su fi ƙarfinki ba, a gaban koci.

Gwiwa

Wannan sashen kada ki tsallake shi. A cikin gwiwa akwai wata jijiya mai riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri, likitoci na kiran ta ACL. Mata sun fi maza tsinka ta ninki biyu ko fiye, kuma yawanci ba wanda ya taɓa su: dirowa daga tsalle da ƙafa a miƙe, ko juyawa da sauri gwiwa ta faɗa ciki. Idan ta tsinke, tiyata ce da jinyar wata 9 zuwa 12, ga kuɗin da ƙaramin kulob ba ya iya biya.

Rigakafin kyauta ne. Akwai tsarin ɗumama jiki na FIFA mai suna 11+, minti 20: minti 8 na guje-guje, minti 10 na ƙarfi da tsalle da tsayuwa a ƙafa ɗaya, minti 2 na gudu da juyi. Binciken da aka yi a kan 'yan mata matasa a ƙasar Nowe ya nuna ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ana yin sa aƙalla sau biyu a mako, kuma bidiyonsa na nan a intanet. Idan ƙungiyarku ba ta yi, ki nuna wa koci cikin ladabi, ko ki zo da wuri ke da ƙawarki ku yi.

Abu uku ne zuciyarsa. Na farko, ki durƙusa a kan tabarma, ƙawarki ta danne miki idon sawu, ki riƙa sunkuyawa gaba jiki a miƙe, a hankali, har sai kin kasa riƙewa ki tare da hannu. Ki fara da 3 zuwa 5, ki kai 12 cikin 'yan makonni. Wannan yana ƙarfafa naman bayan cinya, wanda shi ke taya jijiyar riƙo. Na biyu, ki kwanta rub da ciki ki ɗago a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, daƙiƙa 20 zuwa 30, sau 3. Na uku, dirowa: ki yi tsalle ki sauka a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu ya ja baya, gwiwa tana saitin yatsu. Ƙawarki ta ɗauke ki bidiyo ta gaba. Idan gwiwoyinki suna haɗuwa ciki lokacin sauka, to ga inda aikinki yake.

Idan kin ji ƙara a gwiwa, ta kumbura cikin 'yan awoyi, ko kina ji tana zamewa, ki daina wasa nan take. A sa ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20 duk bayan awa biyu ko uku, a ɗaga ƙafar. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a kai wa mai ɗori ya ja, domin ba karaya ba ce. A je sashen ƙashi a asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, sai na MRI. Don haka jin cewa ƙashi lafiya lau bai nufin gwiwa lafiya take ba. Haka idan kai ya bugu kika ji jiri, amai ko gani ya dushe: kin gama wasa a ranar, ko da kin ce kin warware.

Ci, sha, da jini

Yarinya mai nauyin kilo 55 da ke atisaye kullum tana buƙatar kusan giram 80 zuwa 90 na sinadarin gina jiki a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen wake kusan 13. Ba sai da nama kullum ba: awara, wake, ƙuli-ƙuli, nono, busasshen kifi, a rarraba su cikin abinci uku da ɗan abin taɓawa. Tuwo, shinkafa, dankali ko doya su ne man gudu. A ci awa uku kafin wasa, a rage mai da yaji. Cikin awa ɗaya bayan an tashi, fura da nono ko kunun gyaɗa da ƙwai biyu sun wadatar.

Ƙarancin jini shi ne ɓoyayyen abin da ke sa a ce yarinya raguwa ce. Mace na rasa sinadarin ƙarfe duk wata, kuma 'yar shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar miligiram 15 a rana. Alamunsa haki da wuri, jiri, fari a cikin fatar ido. Ki yi gwajin jini kafin kakar wasa. Idan awon himogulobin ya gaza 12, ki ga likita. Hanta, zogale, alayyafo da wake suna taimakawa, lemo ko gwaiba bayan abinci na ƙara shigarsa jiki, shayi kuma a kan abinci yana rage shi, don haka a jinkirta shayin awa ɗaya. A gwajin nan ki san rukunin jininki na gado, wato ko AA ce ke, ko AS, ko SS. Mai AS tana buga ƙwallo har matakin ƙoli, amma dole koci ya sani, a bi da ita a hankali a zafi, ta tsaya da zarar jiki ya ƙi.

Ki riƙa rubuta ranakun al'adarki. Ana iya atisaye da ita idan babu ciwo mai tsanani. Amma idan ta ɗauke wata uku ba tare da dalili ba, sau da yawa alama ce abincin bai kai aikin ba, ƙashi kuma yana raunana. Wannan maganar likita ce, kada kunya ta hana.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, a yi atisaye da sanyin safiya ko bayan La'asar sakaliya. Ledar fiya wata rabin lita ce: ki sha ɗaya awa biyu kafin farawa, ki riƙa kurɓa duk minti 15 zuwa 20. Ki hau sikeli kafin da bayan atisaye. Duk kilo ɗaya da ya ragu, leda uku za ki mayar a hankali. Hunturu ma yana busar da jiki ko ba a ga gumi ba. Da azumi, aikin bango da fasin mara nauyi kafin shan ruwa, mai nauyin kuma bayan an sha ruwa an huta.

Kada ki sha wani haɗi ko ƙwaya da aka ce tana ƙara ƙarfi. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta haramta tiramadol a lokacin gasa, kuma a dokarta duk abin da aka samu a fitsarinki ke ce da alhakinsa, ko wa ya ba ki.

Yadda za a gan ki

Ki shiga ƙungiyar da ke da rajista da hukumar ƙwallo ta Jihar Kaduna, domin ta nan ake shiga gasa ta hukuma, har da kofin ƙalubale na ƙasa da ke farawa daga matakin jiha. Ki bibiyi zaɓen tawagar jiha na wasannin matasa na ƙasa na 'yan ƙasa da 15, da babban bikin wasanni na ƙasa. Manyan kulob-kulob kan buɗe gwaji kafin kakar wasa. Sanarwar da za ki gaskata ita ce wadda ta fito a shafin kulob ɗin kansa.

Bidiyo yana zuwa inda kuɗin mota bai kai ki ba. A ɗauka da waya a kwance, daga wuri mai tudu a gefen tsakiyar fili, kada a matso da hoton kusa, don a ga inda kike tsayawa lokacin da ƙwallo ba ta wurinki. A yanka minti 3 zuwa 5, mafi kyau a farko, babu kiɗa, a rubuta sunanki, shekarar haihuwa, lambar da kike bugawa, ƙafar da kika fi amfani da ita da lambar jesi. Ki ajiye cikakken wasa ɗaya, domin koci mai hankali zai nema.

Ranar gwaji ki isa garin tun ana gobe, tare da babba daga gida. Ki tafi da takalmin da kika saba da shi, ba sabo ba. Ki faɗi lamba ɗaya da kika fi iyawa. Mai cewa ko'ina tana bugawa, inda aka rasa mutum ake jefa ta. Taɓawarki uku na farko su zama masu sauƙi. Ki yi magana a fili, ki kira fasin, kuma idan kin rasa ƙwallo ki bi ta da gudu. Yawancin masu faɗuwa a gwaji yanka ne ya yi musu yawa.

Kwantiragi

Kada ki sa hannu a ranar da aka miƙo miki. Ki kai gida, a sami lauya ko wanda ya san harkar ya karanta. Ga abin da dole ya fito ɓaro-ɓaro a rubuce: ranar farawa da ta ƙarewa, albashin wata da ranar biya, ko ana biya lokacin hutun kaka, kuɗin sa hannu da yadda za a raba shi, alawus na wasa, masauki da abinci, da wanda zai biya asibiti idan kin ji rauni. Alkawarin baki na shugaban kulob ba ya cikin lissafi. Ki karɓi kwafinki mai sa hannun ɓangarorin biyu kafin ki bar ofis, albashi kuma ya riƙa shiga asusun banki mai sunanki, don shi ne shaidarki.

Dokar FIFA ta ce kwantiragi ba ya wuce shekara 5, na 'yar ƙasa da 18 kuma ba ya wuce 3. A ganinmu na farko kada ya wuce shekara ɗaya ko biyu, domin darajarki na iya ninkawa cikin kaka guda. Ba a rataya ingancin kwantiragi a kan gwajin lafiya ko samun izinin aiki. Kulob ya gama bincikensa kafin sa hannu. Idan an riƙe miki albashin wata biyu, ki rubuta takardar gargaɗi ki ba su aƙalla kwana 15, ki ajiye shaidar sun karɓa. Sai wa'adin ya cika ba a biya ba kike da hujjar raba gari. Wadda ta kwashe kayanta ta tafi ba takarda, ita za a ce ta karya yarjejeniya. Rikici da kulob na gida ta hannun NWFL da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, yake bi. Na kulob ɗin waje kuwa kotun ƙwallo ta FIFA ce, ba ta karɓar kuɗi daga 'yar wasa, amma ba ta sauraron ƙarar da ta wuce shekara 2.

Aure da haihuwa ba sa kashe kwantiragi. Tun 2021 doka ta ba 'yar wasa hutun haihuwa na aƙalla mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, da kashi biyu cikin uku na albashi, kuma an hana korar ta saboda ciki. A 2024 aka ƙara cewa wadda ciwon al'ada ya hana ta atisaye ko wasa za a biya ta cikakke.

Ejan da maganar waje

FIFA ta hana sauya sheƙa zuwa wata ƙasa kafin shekara 18, sai a 'yan yanayi kaɗan, kamar iyaye su ƙaura don dalilin da ba na ƙwallo ba. Duk mai cewa zai sa wa 'yar shekara 16 hannu a Sifen ko Turkiyya, ƙarya yake yi. Dubi waɗanda suka fita: Rasheedat Ajibade daga FC Robo ta tafi Avaldsnes a Nowe kafin Atletico Madrid, Chiamaka Nnadozie daga Rivers Angels ta tafi Paris FC a 2020, Asisat Oshoala sai da ta zama gwarzuwar gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 a 2014 sannan Liverpool ta ɗauke ta a 2015. Kowaccensu a gasar gida da rigar ƙasa aka fara ganin ta.

Ejan na gaskiya, wato wakilin da ke nemo wa 'yar wasa kulob, yana da lasisin FIFA, kuma sunansa na cikin jerin da ke shafin FIFA. A duba kafin a ba shi ko kwafin fasfo. Yarjejeniyarsa da 'yar wasa ba ta wuce shekara 2, kuma ba ya tunkarar ƙaramar yarinya sai da rubutaccen izinin waliyyinta. Daga kwantiragin da ya samo ake biyan sa. Gwaji a ƙasar waje yana da fom na FIFA da ake shigarwa kwana 10 kafin a fara, ba ya wuce mako 8 ga 'yar shekara 21 zuwa ƙasa, kuma an hana karɓar kuɗi a kansa. Idan aka ce Baba ya sayar da gona don kuɗin fom da biza, a tsaya nan. A rubuta wa kulob ɗin ta adireshin da ke shafinsa a tambaya ko sun san da gayyatar. Asalin fasfonki kuma a hannunki yake zama, a nan da can.

Hanya ta biyu: makaranta

Ki gama sakandare da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. A nan gida, Jami'ar Ahmadu Bello tana shiga wasannin jami'o'i na NUGA, kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, na ilimi kuma NICEGA. A Amurka jami'o'i suna ba 'yan ƙwallo mata gurbin karatu da tallafi: Uchenna Kanu ta bi ta Jami'ar Southeastern a Fulorida, Deborah Abiodun kuma ta tashi daga Rivers Angels zuwa Jami'ar Pittsburgh. Abin da suke nema shi ne bidiyo, sakamakon WAEC, da takardar makin kowane zango tun daga aji uku na ƙaramar sakandare zuwa ƙarshe, don haka ki karɓi taki daga ofishin shugaban makaranta kafin ki fita. Idan wannan hanyar kike so, ki tuntuɓi kocin jami'ar kafin ki sa hannu a kwantiragi mai albashi ko yarjejeniya da ejan, domin ɗayansu na iya shafar cancantarki ta buga musu wasa.